WA KE BIN MAI DIGIRI BASHI?

Ya ku masu karatu, ku da kuka zauna a ajin yaƙi da jahilci bayan girma ya zo, har kuka iya haɗa baƙi da wasali, ba sai an tsaya gaya muku darajar ilmi ba. Kun san irin zafin da mutum ya kan ji sa'ad da aka miƙo masa takarda, ya rasa abin yi sai dangwala yatsa. Saboda haka yawancinku sun yi alkawari a zuci cewa 'ya'yansu ba za su tsaya inda su suka tsaya ba.

To, ga yaro ya gama sakandare, ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Wudil, ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Kwana biyu gida na murna, ran na uku sai lissafi ya iso. Ga kuɗin rajista, ga na ɗaki, ga na abinci, ga na littattafai, ga na mota, kuma haka za a yi ta yi shekara huɗu ko biyar, in likita ne har shida. Manomin Ƙofa ko na Kiru, ko mai noman shinkafa a Tudun Wada, in ya ce shi kaɗai zai ɗauki wannan kaya, sai ya sayar da hatsin da iyalinsa za su ci da damina. Don haka ne aka yi hanyoyin taimakon ɗalibai iri iri.

Cikin wannan maƙala za mu duba hanyoyin nan ɗaya ɗaya, don kowa ya san su. Sa'an nan mu tsaya kan wata tambaya wadda ba a cika yinta ba, ga shi kuwa ta fi sauran nauyi. Yaron da aka ɗauki nauyin karatunsa, in ya gama, akwai mai binsa bashi? In akwai, wane ne, kuma da me zai biya?

BA YAU AKA FARA BA

Tun kafin zuwan boko ƙasar Hausa ta san taimakon mai neman ilmi. Malami ya kan sauka a gari da almajiransa, mai unguwa ya ba su zaure, manoma su kai zakkar hatsi da kaka, ko wace uwar ɗaki kuwa ta riƙa ajiye wa almajirinta tuwo. Ba wanda ya rubuta takarda, ba wanda ya sa hannu. Amma kowa ya san sharaɗin. In yaron nan ya zama malami, shi zai koya wa 'ya'yan gari karatu, shi zai ja salla, shi zai raɗa suna, shi zai wanke gawa, ba kuwa zai tsaya ciniki ba. Watau gari ya ciyar da shi yana yaro, shi kuma ya yi wa gari hidima da girmansa. Har a nesa ma an yi irin wannan, gama tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem, maƙwabtanmu na gabas, suka tanadi masauki a Misra don ɗalibansu da alhazansu.

Da boko ya zo, sai nauyin ya koma kan baitulmali. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ko wace En'e ta riƙa zaɓen yara tana turawa. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, ya fita a 1931, ya koma Sakkwato ya kama koyarwa a Midil. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933, ya koma Bauci ya kama alli. A 1945 aka tura shi London ƙaro ilmi, a 1946 aka tura Malam Aminu Kano, duka suka je suka komo. Kuɗin da aka kashe musu kuwa ba daga aljihun sarki ko na Razdan ya fito ba. Harajin talaka ne da jangalin Fulani. Bayan an buɗe jami'a a Zariya a 1962, Gwamnatin Arewa ta ci gaba da ɗaukar nauyin ɗalibai, sau da yawa da sharaɗin mutum zai yi mata aiki na wasu shekaru in ya gama.

A 1977, lokacin da kuɗin man fetur ke da yawa, Gwamnatin Tarayya ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'inta. Shekara ɗaya bayan haka aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, sai rikici ya tashi a jami'o'i, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. Wannan ya isa ya nuna mana cewa zancen cin ɗalibi da shansa ba ƙaramin zance ba ne. Daga baya ɗalibai suka yi ta yawa, kuɗi suka yi ta raguwa, taimako ya yi ta ƙanƙancewa. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da ta Bayero, suka ƙara kuɗin rajista ƙari mai tsanani, iyaye da yawa suka rasa inda za su sa kansu.

HANYOYIN TAIMAKO BIYAR

Hanya ta farko, wadda ta fi sauran daɗewa, ita ce ta gida. Uba ya sayar da buhun masara a kasuwar Kwanar Ɗangora, uwa ta sayar da tunkiyar da ta ke kiwo, kawu ya kawo nasa, yaya ya bar ɗaukar adashinsa don ƙanensa. Wasu garuruwa suna da ƙungiyar ci gaban gari wadda ke tara kuɗi don biya wa 'ya'yan marasa hali. Wannan taimako ba ya shiga jarida, amma shi ke riƙe da mafi yawan ɗalibanmu.

Ta biyu ita ce kyautar hazaƙa, wadda a ke ce wa sikolashif. Ita a kan duba ƙoƙarin yaro ne, a yi jarrabawa ko a duba sakamako, a zaɓi waɗanda suka yi fice. Gwamnatin Tarayya tana da hukumar da ke ba da ita, Jihar Kano ma tana da tata. Akwai kuma asusun horar da ma'aikatan man fetur, PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana tura masu karatun injiniya da kimiyya ciki da wajen ƙasa. Manyan kamfanonin waya da na mai su ma su kan ba da tasu. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje don digiri na biyu, a 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zaɓi 1,001 don turawa Indiya da Uganda.

Ta uku ita ce tallafi, watau alawus ko ragi. Wannan ba a cika duba hazaƙa ba, sai dai a duba ko yaro ɗan jiha ne kuma yana karatu. A 2023 Gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin makaranta ga 'yan jiha a manyan makarantunta, ta kuma ɗauki biyan rajistar ɗalibai 7,000 a Jami'ar Bayero. Cikin wannan aji ne za mu sa abin da 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi da attajirai su kan biya wa yaran yankinsu.

Ta huɗu ita ce ta addini, watau zakka da sadaka da hubusi. Hubusi shi ne mutum ya tsayar da gona ko gida ko kanti don Allah, ba a sayarwa ba a gādo, abin da ya fito daga ciki a riƙa yin alheri da shi har bayan ransa. Da irin wannan ne Jami'ar Azhar ta Misra ta ciyar da ɗalibai ɗaruruwan shekaru. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, amma har yanzu attajiranmu sun fi sabawa da gina masallaci a kan tsayar da dukiya don karatun yara.

Ta biyar ita ce rance, ita ce kuma sabuwa a kunnen mutane. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a 2023, aka gyara ta a watan Afrilu na 2024, aka fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na wannan shekara. Sunan asusun NELFUND. Ga yadda aka tsara shi. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Asusu ya kan biya wa ɗalibi kuɗin rajista kai tsaye ga makarantarsa, in kuma ya nemi na abinci, an fara da ba shi naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa, abin da aka ba ka shi za ka mayar. Gyaran 2024 ya cire sharaɗin kawo mai tsaya maka. Ba a fara neman biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ta intanet a ke nema, da lambar ɗan ƙasa da ta banki da ta jarrabawar shiga jami'a, ba a kuwa biyan ko kwabo don a nema. Duk wanda ya ce a ba shi na goro zai shigar da sunan ɗanka, macuci ne.

KUƊIN NAN NA WA NE?

Mai duba hanyoyin nan sama sama sai ya ce huɗu kyauta ne, ɗaya ce kaɗai bashi. Amma mu tsaya mu bi sawun kuɗin tukuna.

Ku dubi madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Manomin Kadawa da ke ban ruwa da rani yana ganin ma'aikaci ya zo ya buɗe ƙofar magudana, ruwa ya kwararo gonarsa. Daidai ne ya ce wa ma'aikacin nan sannu da aiki. Amma in ya ɗauka ruwan na ma'aikaci ne, ya yi wauta. Ruwan sama ne da ya sauka kan duwatsun kudu, ya gangaro ta dajin Falgore, ƙorama ta haɗu da ƙorama har ya taru a Tiga. Mai buɗe ƙofa amana aka ba shi kawai.

Haka kuɗin gwamnati ya ke. Gwamnati ba ta da gona, ba ta da garke. An soke haraji da jangali a Kano a 1979 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har wasu suka zaci talaka ya daina biya. Ai bai daina ba, hanyar karɓa ce ta sake. Duk wanda ya sayi katin waya, ko siminti, ko kwanon rufi, ya biya haraji a cikin farashin, ko ya sani ko bai sani ba. Man fetur da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na kowa ne, har da tsohuwar da ke sayar da daddawa a Doguwa. Dokar 2024 ta faɗa a fili cewa daga harajin da Gwamnatin Tarayya ke tarawa za a riƙa ware kashi ɗaya cikin ɗari don asusun rancen ɗalibai. Ashe ke nan yaron da aka tura Indiya, da wanda aka biya wa rajista a Kano, da wanda ya ci rance, duka guminsu ɗaya suka ci, gumin mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, 'ya'yansu ma wataƙila ba za su taka ba.

Daga nan sai mu gane abu biyu. Na farko, godiya ga wanda taimako ya biyo ta hannunsa wajibi ce, gama yaba kyauta tukuici, kuma shugaban da ya zaɓi kashe kuɗi kan karatu ya fi wanda ya kashe kan shagali. Amma godiya tana da iyaka. In wanda ya biya maka rajista ya ce don haka sai ka rufe ido ga ɓarnarsa, ko ka zagi wanda ya ke gāba da shi, ko ka ba da shaidar zur, to, ya nemi abin da ba nasa ba. Ilmin da aka saya don a rufe bakin mai shi bai amfani kowa ba. Na biyu, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai digiri ya kamata ya san ko ladan wa ya ci, don kada ya je yana yi wa mai gashi aski, ya bar mai lada da ƙeya a cunkushe.

ABIN DA MASU ƘIN BIYA KE CEWA

Mu fara da bashin da aka rubuta, tun da ya ke shi ya fi sauƙin ganewa. Ba za mu yi adalci ba in ba mu saurari masu cewa ba za su biya ba, gama wasu hujjojinsu suna da ƙarfi.

Wani ya ce, "Kuɗin gwamnati ne, ni ma ɗan ƙasa ne, rabona na ci." Amsar wannan tana cikin tarihi. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Mutane suka karɓa, suka yi digiri, wasu suka zama manya, amma kaɗan ne suka mayar. Hukumar ma ba ta riƙe lissafi yadda ya kamata ba. Sai asusu ya ƙafe. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilmi a madadinta, shi ma bai yi wani abin kirki ba. To, wa ya yi hasara? Waɗanda suka ƙi biya sun riga sun sami takardunsu. Ministoci ba su rasa kome ba. Hasara ta faɗa kan yaran da aka haifa daga baya, waɗanda suka ci jarrabawa cikin shekarun nan masu yawa, suka nemi mai ranta musu suka rasa, suka koma gida. Duk macen da ta taɓa yin adashi ta san wannan. In wadda ta yi ɗaukar fari ta daina zubi, ba uwar adashi ta cuta ba, ta ƙarshe ta cuta.

Wani kuma ya ce, "Manya suna sace biliyoyi ba a ce musu kome, sai ni ɗan talaka za a bi don 'yan dubbai?" Wannan magana akwai ciwo a cikinta, ba kuwa ƙarya ba ce, gama a 2024 naira biliyan 50 da aka zuba cikin asusun nan daga kuɗin da hukumar EFCC ta ƙwato hannun maciya amana suka fito. Amma ku duba da kyau. Ɗan mai kuɗi ba ya bukatar asusun nan, ubansa ya ishe shi. Wannan rijiya ta talaka ce. In ɓarawo ya shiga gari ya yi sata, mai hankali ba ya huce haushinsa da zuba ƙasa cikin rijiyar unguwarsu. Kuma wanda ya biya nasa shi ke da bakin tsayawa ya ce a kawo lissafi, nawa aka tara, nawa aka bayar, su wa aka ba.

Na uku ya ce, "Da me zan biya, ga shi na gama shekara uku ba aiki?" Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba laifin yaro ba ne. Doka da kanta ta ɗaura biya a kan samu, ta kuma yarda a yafe in mutum ya rasu. Addini ma ya hori mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Abin zargi shi ne mai hali ya ɓoye halinsa. Akwai bambanci mai nisa tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi, kuma ko wane mutum ya san a zuciyarsa ko wanne ne shi.

Akwai kuma iyayen da ke tsoron rancen tun daga farko, suna cewa ba sa so ɗansu ya fara zaman duniya da bashi a wuya. Tsoron bashi halin kirki ne. Amma a yi lissafi kafin a yanke. A ce, don misali, rajista naira 100,000 ce a shekara, shekara huɗu 400,000 ke nan. A ce yaro ya karɓi na abinci wata goma a ko wace shekara, ya zama 800,000. Jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In ya sami aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, sai ya shekara goma yana biya. Nauyi ne, ba shakka. Sai uba ya auna shi da nauyin yaro mai kai ya zauna a gida. Kuma ba dole ne a karɓi duka ba. Wanda gida zai iya ciyar da shi ya karɓi na rajista kaɗai, ya bar sauran ga wanda ba shi da kowa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma a kan bashi ta sauka, tana horon a rubuta shi a kafa shaidu. Da cin bashi abin kunya ne ko yaushe, da ba a tsara masa ƙa'ida haka ba. Kunya tana ga ci da niyyar ƙin biya.

Mai ba da taimako shi ma akwai hakki a kansa. An sha jin labarin ɗaliban da aka tura ƙasashen waje, gwamnati ta sake, aka daina biya, makarantu suka riƙe takardunsu shekara da shekaru. An sha jin alawus ya makara har yaro ya gama cin bashin masu shago. An sha jin an cusa sunan ɗan mai hali, an bar maraya. Wanda ya ɗauki ɗan mutane ya kai shi tsakiyar kogi ya sake shi, gara da bai ɗauke shi ba. Alkawari ɗaya ne, ya hau kan mai bayarwa kamar yadda ya hau kan mai karɓa.

BASHIN DA BA A RUBUTA BA

Yanzu mu zo ga wanda aka ba kyauta, ba takarda, ba sharaɗi. A ganina bashinsa ya fi na mai rance nauyi. Mai rance ya san adadin abin da a ke binsa, ran da ya biya kwabon ƙarshe ya huta. Amma wa zai ƙididdige tunkiyar da uwa ta sayar, ko karatun da ƙanwa ta bari don kuɗin gida ba su isa mutum biyu ba? Wa zai sa farashi ga gurbin da aka ba kai, aka hana wani wanda bai fi ka rashin ƙoƙari da kome ba sai maki biyu?

Ga misali mai wuya. Yaro daga ƙasar Doguwa ya yi karatun likita da kuɗin jiha, ya ƙware, sai wani asibiti a Saudiyya ko Ingila ya kira shi da albashin da ya ninka na gida sau da yawa. Yana da iyaye tsofaffi, yana da ƙanne, asibitin gida kuwa ba kayan aiki. In ya tafi, za mu ce ya ci amana? Ba na gaggawar cewa haka, gama neman halal ba laifi ba ne, kuma gwamnatin da ba ta kyautata wa likitocinta ba tana da nata kason laifi. Amma a wannan dare da ya hau jirgi, akwai wata mace a wani ƙauye bayan Riruwai wadda naƙuda ta tsananta mata, mijinta kuwa yana cikin waɗanda suka biya kuɗin karatun nan. Tafiyarsa ba ta shafe bashin ba, ta dai sake hanyar biya. In akwai sharaɗin shekarun aiki, ya cika su kafin ya tafi. In babu, to, ya san cewa abin da ya ke samu a can akwai rabon mutanen nan a ciki.

Da me a ke biyan irin wannan bashi? Ina ganin hanya uku ne.

Ta farko, mutum ya yi aikinsa da gaskiya. Malamin makaranta ya shiga aji a kan lokaci, ma'aikacin gona ya kai taki ga manomi ba ga ɗan kasuwa ba, akawu ya sa hannu a takardar tsoho ba tare da ya nemi na goro ba. A Bagauda, nan cikin ƙasar Bebeji, akwai makarantar da lauyoyi ke zuwa daga ko'ina cikin Nijeriya su ƙarasa horonsu. In ɗan yankin nan ya fito daga cikinta, sa'an nan ya taimaki mai ƙarfi ya ƙwace gonar marayu, ai ya sari hannun da ya ciyar da shi.

Ta biyu, ya waiwayi gida da abin da ya sani. Yawancin taimakon da muka lissafa ta intanet a ke nemansa, kuma yana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Yaron birni ya kan ji da wuri, na ƙauye sai an rufe. Sau da yawa abin da ya raba su ba kai ba ne, labari ne. Mai digirin da ya zo hutun salla ya zauna a zaure da wayarsa, ya tara yaran unguwa maza da mata, ya nuna musu yadda a ke cika takarda, ya lallashi uban da ke shakkar barin 'yarsa ta ci gaba, wannan ya rage bashinsa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Ta uku, in Allah ya buɗa masa, ya ɗauki yaro guda wanda ba ɗansa ba, ba ɗan ɗan'uwansa ba, ya kai shi inda aka kai shi. Ɗaukar nauyin ɗanka wajibi ne da ma, ba biya ba ne. In mutum goma daga gari ɗaya suka yi haka, ko suka haɗa kai suka sayi gona suka tsayar da ita hubusi don karatu, cikin shekara ashirin garin ba zai ƙara jiran sai lokacin zaɓe kafin a biya wa 'ya'yansa rajista ba.

GARE KU IYAYE

Ku da kuka koyi karatu da girma, kuna da abin yi a nan, ko da ba ku da kuɗi. In ɗanku ya ce an ba shi taimako, ku tambaye shi wane iri ne cikin biyar ɗin nan, ku sa ya karanta muku sharaɗin, ku ma ku duba da idonku, tun da yanzu ba a ɓoye muku baƙi. In rance ne, ku rubuta adadinsa a littafi ku ajiye, don kada a manta. Kada ku yarda a yi ƙarya a takarda don a sami abin da ba a cancanta ba, gama gurbin da aka samu da ƙarya na wani ne aka ƙwace. In kuwa Allah ya hore muku abin biya, ku bar tallafi ga wanda bai da shi.

Sa'an nan ku riƙa gaya wa yaro sunayen waɗanda suka taimaka, kawu wane ya ba da kaza, gwaggo wance ta sayar da kaza, sauran kuwa na jama'a ne waɗanda ba zai taɓa sanin sunansu ba. Yaron da ya tashi da jin wannan, ran da ya zauna a ofis, tsoho ya shigo da tsohuwar riga yana rawar murya, zai miƙe ya ba shi kujera, gama ya san mai yiwuwa ne mai binsa bashi ne ya zo.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Babu malami, babu likita, babu gwamna, wanda bai ci gumin wani ba kafin ya zama abin da ya zama. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya hore musu abin biya, ya kuma ba su zuciyar biya. Amin.